Littafin mangwaron gidanmu, daga ƙaramar Sallah zuwa babba

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Daren jiya sau huɗu ina farkawa. Ba ɓarawo ba ne, mangwaro ne ke faɗowa kan kwanon kicin, kwaram, kamar an jefo dutse. Da gari ya waye na tsince guda 63 a tsakar gida kafin ruwan shayi ya tafasa, kuma wannan somin taɓi ne.

Bishiya uku gare mu a gidan nan na Unguwar Dosa. Biyu marigayi surukina ne ya dasa su, Allah ya jiƙansa: irin Pita a bakin ƙofa, irin Juli kusa da rijiya. Ta ukun, wadda ta fi su girma da yawan 'ya'ya, babu wanda ya dasa ta. Wani ne ya sha ya yar da ƙwallon a bayan kicin, ta tsiro, aka ƙyale ta. Irin ƙananan nan ne masu zare, waɗanda in ka sha ɗaya sai ka nemi tsinken sakace. Ita ke fara nuna, ita ce kuma ke fara hana mu barci.

Bara baro bayan baro na ruɓaɓɓe muka kai bola, abin ya tsaya min a rai. Abin da ya ƙara zuga ni shi ne hoton da ƙanwata ta turo daga Ingila a watan Oktoba: maƙwabtanta sun jera kwalayen tuffa a bakin ƙofa, kowa ya ɗiba kyauta, wai bishiyar ta yi musu yawa. Tuffan da mu nan ake ƙirga mana ɗai-ɗai a bakin titin Ahmadu Bello! Ta ce wasu sukan naɗe shi a takarda su jera a ɗaki mai sanyi, wani irin ya kai bayan sabuwar shekara bai yi komai ba. To mu namu ba ya jira. Mangwaro in ya nuna a zafin Afrilun Kaduna, ba shi kwana uku ko huɗu, ya zama rabon ƙuda.

Shi ya sa bana na ɗauko tsohon littafin rajista, zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya fito. Makaranta na hutu. Ina da sikelin kicin, ina da ma'aunin zafi da 'yar takardar gwada tsami da nake koyar da yara da su.

Hajiya, surukata, tana kan tabarma tana jan carbi na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni. "Ke 'yar nan, mangwaro ake yi wa rumbu? Abin da Allah ya yi don a sha a ba maƙwabta?" Na ce, "Hajiya, za a ba maƙwabta, ragowar nake nufi." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," irin wadda ake yi wa wanda ya ce zai je Legas a ƙasa.

Talata, 8 ga Afrilu

Wanda ya faɗo ƙasa ba na ajiya ba ne. Na yanka guda 40 daga cikin na tsintuwa, 17 da tsutsa. Daga waje lafiya lau, sai ɗan ɗigo kamar an soka allura, ciki kuwa ya yi ruwa, fararen tsutsotsi na motsi. Aikin wani ƙaramin ƙuda ne mai ratsin ruwan ɗorawa, macen ce ke huda ɓawo ta saka ƙwai. Asalinsa ɗan Asiya ne, a 2003 aka fara ganin sa a Afirka, a Kenya, kafin 'yan shekaru ya game nahiyar. Mu da kanmu muke kiwon sa ba mu sani ba. In aka bar mangwaro a ƙasa, tsutsar takan fita ta shige turɓaya, bayan 'yan kwanaki ta fito da fiffike ta koma bishiya. Ashe tsibin da muke tarawa a lungu bara kafin a kai bola, gidan reno muka gina musu.

Yanzu doka ta canza. Kullum da sassafe autana da almajirin gidanmu za su tsince duk abin da ya faɗo. Mai kyau a wanke a fitar ƙofar gida a daro. Mai tsutsa a zuba a baƙar leda mai kauri, a ƙulle bakin tam, a bar ta a rana mako guda zafi ya gama da su, sannan a juye a ramin taki.

Na ajiya daga sama za a tsinko shi. Maigida ya ɗaura wa doguwar gora zoben waya, ya ɗinke tsohuwar ƙafar wando ta zama jaka. A tsinko da ɗan guntun reshensa, a kife shi danƙon ya tsane kafin a haɗa da sauran. Danƙon nan ba abin wasa ba ne. Inda ya zuba a ɓawo sai wurin ya ƙone ya yi baƙi, autana kuma gefen bakinsa duk ya feso da ƙuraje don ya gatsa wanda ba a wanke ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je Panteka da zanen akwatin shanya. Kafintan ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, na ƙyanƙyasar kaji ne?" Da na yi masa bayani ya gane nan take, har ya gyara min inda na sa ƙofar iska. Ya ce mako guda. Tun Janairu da bishiyoyin ke fure ya kamata in zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga ni da gora a hannu direba na ta oda.

Talata, 15 ga Afrilu

Ban iya jira ba. Na yanka mai zare na shanya a tire kan rufin kwano, yadda muke yi wa tumatir da kuɓewa. Asara. Tumatir ba shi da zaƙin da zai gayyato unguwa, mangwaro na da shi: ƙudaje, kiyashi, ƙudan zuma, har ƙadangare ya zo ɗaurin aure. Ga shi na yanka da kauri, kuma nunanne luguf, sai sama ya bushe ya rufe, ciki ya yi tsami. Inda ya kwanta a jikin tiren ƙarfe kuma ya yi baƙi. Kilo uku, duk na ramin taki.

Hajiya ba ta ce komai ba. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Akwatin ya iso a bayan a-kori-kura. Katako ne mai ƙafa huɗu, tsawonsa ya ɗan ɗara tabarmar sallah. An shimfiɗa kwano a ƙasansa an shafe da baƙin fenti don ya sha rana, sama kuma leda ce mai kauri da ake ganin ciki, an karkata ta. Ƙofar iska biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama ta ɗaya gefen, kowace an rufe ta da raga. Iska ta shigo ta ƙasa, ta yi zafi, ta tashi ta fita ta sama da danshin. Tirensa huɗu na ragar roba ne, don tsamin mangwaro na cin ƙarfe. Ƙafafun na tsoma su a gwangwanayen madara da ruwa saboda kiyashi. Da ƙarfe ɗaya na rana ma'auni ya nuna digiri 58 a ciki. Abin da ake so ke nan, tsakanin 55 da 60. In ya wuce haka sosai dafuwa zai yi.

Juli ta fara nuna, da ita na buɗe. Zaɓen shi ne rabin aikin. Ba ɗanye ba, ba luguf ba: wanda ya fara ƙamshi, in ka danna da babban yatsa ya ɗan amsa amma bai loɓa ba. A wanke, a feraye da wuƙar da ba ta tsatsa, a yanka falle-falle kaurin rabin santimita, kamar biskit. Sai a tsoma minti biyar a ruwan da aka matse wa lemun tsami, guda biyar a lita ɗaya, shi ke rage masa yin duhu. A jera kada wani ya hau wani. Da azahar a juya. Kafin magariba a kwashe tiren a shigar ɗaki, in ba haka ba raɓar dare ta mayar da abin da rana ta cire.

Na auna: kilo 12 da ɓawo da ƙwallo. Bayan fira, kilo 6 da rabi. Ni da 'yata muka yi, muka tashi da yatsu sun yi yaushi, bayana kamar ba nawa ba.

Maƙwabciyata 'yar Kachia ta leƙo ta katanga, suna ta soye-soyen Ista. Na miƙa mata daro guda, ta ce in na zo yin jam in yi mata magana, tana da citta.

Talata, 22 ga Afrilu

Kwana uku cif. Kilo 6 da rabin nan ya koma kilo 1 da gram 100. Na tsaya ina kallon sikelin, wai duk wahalar nan abin da bai cika ledar burodi biyu ba. Amma ya yi kyau, tubarkalla. Launin ruwan ƙwai, yana lanƙwasuwa kamar fata bai karye ba, in ka yaga ka matse babu ruwa. Zaƙin ya taru wuri ɗaya, tsamin na biye da shi a baya.

Ban ƙulle a leda ba tukuna. Na zuba a manyan kwalabe, ban cika ba, zan riƙa girgizawa kullum har mako guda. Wani yankan ya fi wani bushewa, a cikin kwalbar suke daidaitawa. In na ga gumi a jikin gilashi, sai a koma rana.

Na kai wa Hajiya a ɗan faranti. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi a haske, ta shinshina, ta sa a baka ta daɗe tana tsotsa don haƙora sun yi ƙaranci. Ta ce, "Kauɗa ce dai." Na juya zan tafi, ta gefen ido na ga ta ƙulle guda uku a haɓar zane.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na samo wa mai zare hanya, kuma ita ce abin da na fi murna da shi zuwa yanzu, don ita ce mai yawan.

Ba ta yankuwa, amma tana matsuwa. A wanke, a ɓare, a zuba a daro a murje da hannu kamar ana dama fura, har ƙwallon ya fita fari. A tace da rariya, zaren ya tsaya a sama. Abin da ya sauka kamar koko mai kauri, na ɗora a wuta ya yi zafi sosai na minti goma ina juyawa, na matsa lemun tsami, ban sa sukari ba don ba ta buƙata. Sai na shimfiɗa leda mai kauri a kan tiren, na ɗan shafa man gyaɗa, na zuba na baza da bayan ludayi, siriri, kada ya kai kaurin yankan kauɗar. Kwana biyu da rabi ya ɗago gaba ɗaya kamar fatar ganga. A yanka a naɗe. Mutanen Indiya, inda mangwaro ya samo asali, sun daɗe suna yin irin wannan. Yaran gidan nan sun raɗa masa suna tabarma.

Matsalarsa ɗaya: ba ya kwana. Na yi falle huɗu, na je unguwa barka, na dawo na tarar da ɗaya da rabi, kowa kuma na rantsuwa.

Af, har yau akwai masu cewa in ka sha mangwaro ka bi da garin kwaki za ka mutu. Almajirinmu ya haɗa su a gabana ranar Alhamis, da ƙuli-ƙuli ma. Ga shi can yana share tsakar gida.

Laraba, 30 ga Afrilu

Hadari ya haɗo jiya bayan la'asar, iska ta riga ruwan isowa. Cikin rabin awa Pita ta zubar da abin da na yi wata ina lallaɓawa. Manya-manya, kore shar, da yawa sun fashe. Mun tara buhu biyu da rabi. Na zauna a bakin baranda na rasa abin da zan ce.

Wanda ya ƙosa kuma bai fashe ba na jera a kwali. Wanda ya fashe ko bai ƙosa ba, ba zai taɓa nuna da daɗi ba, sai dai a yi amfani da tsaminsa. Yara sun ci nasu da gishiri da yaji har haƙoransu suka mutu. Sauran muka feraye muka yanka siriri sosai, muka cika akwatin, ragowar muka rufe da tsohon gidan sauro a kan tebur. Wannan ba mai zaƙi ba ne, ƙuda bai damu da shi ba. An koma makaranta, yanzu aikin na dare ne da na asuba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ɗanyen ya bushe ƙayau, yana karyewa ƙas. Na daka a turmi na tankaɗe, ya ba ni gari mai launin ƙasa-ƙasa, kwalba uku. Na gwada a kunu a madadin tsamiya: bai yi ba, tsamiya tsamiya ce. Amma a faten tsaki, ranar da ban sami yakuwa ba, cokali biyu ya tayar da tukunyar. Maigida ya yi ƙari bai san me aka sa ba. A yajin gasasshen kifi ma ya zauna daram.

Jiya kuma jam na yi, tukunya biyu, ta farkon abin kunya.

Rowa ce ta ja min. Sukari ya yi tsada, sai na rage shi kusan rabi, na kuma zuba nunanne zalla. Ya ƙi kamawa. Na ƙara wuta, na ƙara lokaci, har ya yi duhu ya fara warin ƙauri, ya koma wani abu tsakanin maɗi da alewa. Garin neman gira na rasa ido, ga gas da ya tafi a banza.

Abu uku ke sa jam ya kama: sukari, tsami, da wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin, wanda ya fi yawa a ɗanyen 'ya'yan itace, yana raguwa in sun nuna. A tukunya ta biyu na auna kilo 2 na tsokar Pita, kashi ɗaya cikin huɗu wadda ba ta gama nuna ba. Sukari kilo 1 da rabi. Lemun tsami guda takwas. Da 'yar citta gurzajjiya daga maƙwabciyata, wadda na karɓa da hannu biyu, don tun cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin jihar nan a 2023 ta zama abin lallaɓawa. Tukunya mai faɗi, wuta sosai, muciya ba ta tsayawa.

Littattafai sukan ce a sauke a digiri 104 ko 105. Wannan lissafin na mutanen bakin teku ne. Kaduna na kan tudu, kusan mita 600, ruwa a kicin ɗina a 98 yake tafasa, saboda haka nawa ya kama a wajen 102. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ya jira minti ɗaya, ya tura da yatsa: in ya tattare, ya yi. Babu wuta, sai na aiki autana ya sayo ƙanƙara na ɗora farantin a kai.

Lemun tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa a rufaffiyar kwalba inda babu iska, dafinta na kisa, kuma ba ta iya tsiro in lambar abu ta sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Nunanniyar Pita da na gwada tana daf da iyakar nan. Bayan lemun ta sauka ƙasa da 4. Duk wadda za ta yi, kada ta yi rowar lemu.

Kwalaben bama na tara tun azumi. Na tafasa su da murafensu minti goma, na zuba jam da zafinsa na bar ɗan fili a sama, na goge baki na rufe, na mayar da su tukunyar ruwa suka ƙara tafasa minti goma sha biyar. Da suka huce murfin ya lotsa ciki. Bakwai suka fito, ɗaya bai lotsa ba, shi muka buɗe da burodi yau da safe.

Laraba, 7 ga Mayu

Kwana shida babu wuta, wai iska ta kayar da turke a layinmu. Tataccen mangwaron da na ƙulla a leda na jera a firiza, kilo 9, duk ya narke ya kumbura. Da na ɗaga murfin sai da na ja baya. Shi ne hanya mafi sauƙi a duk abin da na gwada, shi ya sa na fi zuba masa. Daga yau duk ajiyar da ke jiran wuta na fita sabgarta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wani mai sarin kayan marmari da ke kai kaya kasuwar tashar jirgin ƙasa ya yi sallama. Ya zagaya Pita sau biyu yana ɗaga kai, ya ce, "Hajiya, a sayar min da ita a tsaye, gobe in zo da yara mu sauke." Kuɗin da ya faɗa ya ɗan taɓa zuciyata, ba zan ɓoye ba, na gaji.

Na tambaye shi waɗanda ba su ƙosa ba fa? Ya yi murmushi ya ce duk za su nuna. Ban zarge shi da komai ba, amma na san yadda wasu ke yi: a kaɗe bishiya gaba ɗaya, a rufe da kabayid irin na masu walda, kwana biyu ya yi jawur a waje, ciki tsami da tauri. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan wannan, saboda gubar da ke tattare da shi. Alhali mangwaron da ya ƙosa da kansa yake fitar da iskar da ke nunar da shi. Nawa na kwali da na rufe da jarida na jefa ayaba nunanniya ɗaya a ciki, kwana biyar suka yi. Abin da ba a yi shi ne sa ɗanye a firji: sanyi na kashe shi, ɓawon ya yi dabbare-dabbare, ya ƙi nuna yadda ya kamata.

Ban kai ga ba shi amsa ba Hajiya ta yi gyaran murya daga ɗaki. "Malam, bishiyar Alhaji ba ta sayarwa ba ce. A ɗebar masa a leda ya kai wa iyali." Ya karɓa ya yi godiya ya tafi. Yau dai ni da ita layinmu ɗaya, ko da yake dalilinmu daban.

Alhamis, 15 ga Mayu

Rigima ta tashi a kan bokiti.

Kwana takwas da suka wuce na zuba ɓawo da tsokar da ta yi laushi da yawa, marar tsutsa, a bokitin roba, na ƙara ruwa da sukari kaɗan, na ɗaure baki da ƙyalle. Khal nake so, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. Kullum ina juyawa, yana ta kumfa. Jiya Maigida ya shiga sito neman fatanya ya fito da sauri. "Maman yara, me kike dafawa a gidan nan? Wannan ai warin burkutu ne."

Gaskiyarsa, kuma ban yi masa musu ba. Haka khal yake samuwa ko'ina a duniya: yis ya fara cin sukarin ya mayar da shi barasa, sannan wasu ƙwayoyin da ke son iska su mayar da barasar tsami. Ba a tsallake matakin farko. Na ce ya tambaya. Bayan sallar asuba ya tsaya da limamin masallacinmu, ya dawo ya ce malam ya ce abin da ya juye da kansa ya zama khal ya halatta, har ya kawo hadisin da ke cikin Muslim inda Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Sharaɗin Maigida: bokitin ya bar sito ya koma bayan gida, kada kowa ya ɗanɗana sai ya gama juyewa. Na tace na mayar, na rufe da sabon ƙyalle. Sai nan da mako huɗu zuwa shida.

Ko ya yi, na kwaɗo da wanke ganye ne. Na kanti an auna ƙarfinsa, yawanci kashi 5 cikin 100, na gida kuwa ba a dogara da shi wajen adana wani abu.

Laraba, 21 ga Mayu

Damina ta kankama, akwatina ya zama ɗan kallo. Rana ta fito awa biyu, hadari ya rufe. Ma'auni da ƙyar yake kai 40, iskar kanta jiƙe take. Zubin da na sa ranar Asabar ya kwana huɗu bai bushe ba, jiya na ga fumfuna fari-fari a gefe. Na zubar duka, ba a kankare fumfuna a ci sauran. Mafi ciwo, leda biyu daga wani zubin kauɗa da na yi gaggawar ƙullewa ban bi ta kwalba ba, su ma sun kama. Gram 800.

Mangwaron kan bishiya ma ya canza. Baƙaƙen tabo sun fara fitowa a ɓawo suna faɗaɗa in ya nuna, ciwon da danshi ke kawowa ke nan. Tsutsa ma ta ƙaru.

Na gwada ƙarasa tire biyu a oba, wato tandun gas, wuta can ƙasa, na sa muciya na tokare ƙofar don tururi ya fita. Ya yi, amma in aka yi lissafin gas, gara in sayi dabino. Ashe kwanakin shanya na gaskiya a garin nan daga farkon Afrilu ne zuwa ruwan farko, mako uku ko huɗu, ni kuwa biyu daga ciki na ɓatar kafin akwatin ya iso. Abin da ya rage a bishiya yanzu sai jam da kyauta.

Laraba, 28 ga Mayu

Jam tukunya ta uku, kwalba takwas, duk sun lotsa. Mai zare ta gama. Juli saura na can ƙololuwa, na bar wa jemagu, dama tun farko tare muke ci.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shekaranjiya aka yi layya. Ragon ya ci rabonsa na ɓawon mangwaro kafin ranarsa, da kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa zawo yake sa su.

Na zauna da littafin bayan baƙi sun ragu. Kauɗa kilo 4 da rabi ta tsira, a ƙulle a leda biyu-biyu cikin bokiti mai murfi, a ɗakin da rana ba ta shiga. Jam kwalba 14, biyar sun tafi da naman Sallah gidajen 'yan'uwa a Kawo da Tudun Wada, ɗaya ta tsallaka katanga. Garin ɗanye kwalba biyu da rabi. Tabarma na daina ƙirgawa, babu ko falle. Khal ya yi wata farar fata a sama, warin giya ya tafi, tsami ya fara hawa hanci, saura kamar mako biyu. Asarar da na auna ta kusa kilo 16, ban da ta ramin taki.

Abin da ban taɓa aunawa ba shi ne daron ƙofar gida. Safe da yamma ana cika shi kusan mako bakwai, 'yan makaranta da almajirai da masu Keke da mai gyaran takalmi suna ɗiba. Na yi lissafi sama-sama, ya ninka duk abin da na shanya da wanda na dafa sau da yawa. Na faɗa wa Hajiya, ta ce, "Da ma." Sannan ta ce a ɗaure mata kauɗa leda biyu za ta aika wa ƙanwarta a Zariya, kuma a zaɓo masu hasken, ba na oba ba.

Ranar Asabar mai sassabe zai zo ya rage wa bishiyoyin rassa, yanzu da suka sauke kaya, don iska ta riƙa ratsawa kuma gora ta riƙa kaiwa. Na nuna masa reshen da ya hau kwanon kicin. Hajiya ta riga ta gaya masa wanda ya yi wa tagarta inuwa ko ganye ɗaya kada ya taɓa.